Wutar Taya Ta Ƙi Mutuwa

Litinin, 2 ga Yuni

Wutar iskar taya ta kama yau da safe, ina ribas daga ƙofar gida. Ƙarama ce, ruwan ɗorawa, a gefen hagu na dashbod, siffarta kamar 'yar tukunya da tsinke a tsaye a ciki. Na kashe mota na zagaya ta sau biyu. A ido babu tayar da ta kwanta. Na ɗauko gejina na auna iska daga aljihun ƙofa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku suna kan talatin da biyu, yadda takardar jikin ƙofar direba ta ce. Ta baya ta hagu ashirin da huɗu.

Na ƙara mata iska a gidan mai. Kafin in kai layin su Malama, ɗalibata ta koyon tuƙi, wutar ta mutu. Na ce shi ke nan.

Malama ta yi ƙoƙari yau. Ta tayar da mota a kan tudu ba ta mace mata ba. Shekararta sittin da ɗaya, ta yi shugabar makarantar firamare har ta ajiye aiki, amma in ta riƙe sitiyari sai ka ce wuyan ɓarawo ta kama. Tana ce mini Malama, ina ce mata Malama, har wani lokaci mu rasa wa ke kiran wa. Jarrabawarta ta lasin ranar sha takwas ga wata. A motata za ta yi, kamar duk ɗalibaina.

Laraba, 4 ga Yuni

Wutar ta dawo. Ta baya ta hagu ashirin da biyar. Tana sacewa ke nan a hankali.

Darasi huɗu gare ni yau, ban samu zuwa wurin mai faci ba. Duk na sauke ɗalibi sai na fita na auna kafin in ɗauki na gaba. Mai kantin magani, wanda nake koya wa da la'asar, ya ce, "Malama, tayar nan ta fi ni samun kulawa." Na yi dariya. Bai san dalili ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na kai wa Dogo mai faci, na bakin shataletale. Ya kwance tayar ya tsoma ta a rabin durom na ruwa, yana juya ta a hankali. Can sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙusa ce siririya, kanta ya cinye, ta lafe a cikin zanen taya. Na ji daɗi har raina. Abin da ake gani da ido ba ya ba ni tsoro.

Na ce a yi mata faci ta ciki, ban yarda da na tsirawa ba. Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare tayar daga wili, wato ƙarfen da take zaune a kai. Ina tsaye ina amsa waya na ji wani ƙas, kamar an taka murfin biro. Na waiwaya, ya ce, "Ba komai, Hajiya, tsatsa ce." Ya shiga cikin rumfarsa da wilin, ya daɗe, sannan ya fito ya haɗa.

Ya ɗura iska har arba'in. Na ce ya rage. Ya nuna mini lambar da ke jikin tayar, wai ga shi a rubuce. Na buɗe ƙofa na nuna masa takarda, na ce waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, wannan kuwa abin da motar ke so. Ya rage yana gunaguni, wai shekara ashirin yana faci.

Na tayar da mota. Wutar ba ta mutu ba. Dogo ya ce in yi tafiya za ta mutu da kanta. Na yi tafiya har gida.

Juma'a, 6 ga Yuni

Tana nan. Duka huɗun talatin da biyu cif.

Asabar, 7 ga Yuni

Na lura da wani abu. Da can in na kunna mota wutar kamawa kawai take yi ta tsaya. Yanzu sai ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya. Na auna da agogon waya.

Na tono littafin motar daga ƙarƙashin takardun inshora. Ya ce akwai maɓalli a ƙasan sitiyari, a danna a riƙe har wutar ta ƙifta sau uku. Na durƙusa a ƙasa, kaina a ƙarƙashin sitiyari, na same shi a bayan wata 'yar murfi. Na danna na riƙe har yatsana ya yi fari. Na kashe, na kunna. Tana nan. Na hau babban titi na yi minti ashirin ina gudu daidai, yadda littafin ya ce. Tana nan. Na kwashe kayan but, na fito da tayar safaya, don na ji an ce wasu motocin har ita suke sa wa ido. Ta yi ƙasa, na cika ta. Tana nan.

A shafi na gaba littafin ya ce in wutar tana ƙiftawa kafin ta tsaya, matsalar ba ta iska ba ce, a kai wa ƙwararre. Na rufe littafin.

Baban yara yana zaune a kan kujerar roba yana kallona tun farko, da kofin shayi. Ya ce, "Ki samo baƙin salatif ki manne ta mana, kowa ya huta." Da na ɗago na kalle shi sai ya ce wasa yake yi. Can kuma ya ce, a hankali, kamar yana magana da kofin, "Ga ƙwararre kuwa a gidanku."

Lahadi, 8 ga Yuni

Na je gaida Umma a gidan Yaya da hantsi, lokacin da na san ya fita. Matarsa ta buɗe mini, ta tarbe ni da fara'a kamar kullum, kamar ba ta san na ƙirga lokaci ba.

Umma ta rame kaɗan amma bakinta yana nan. Ta sa na gyara mata labule, ta sa na karanta mata takardar magani, ta ce gashina ya fara furfura kafin nata. Da zan tafi ta rako ni har ƙofa da sandarta, taki ɗaya, hutu ɗaya. Ta ce, "Auta, motar lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To me ya sa kika shigo da baƙin taya a gwiwar zaninki?"

Ban taɓa rubuta abin nan a littafin nan ba. Bari in rubuta sau ɗaya.

Shekara biyu ke nan da wata uku. Tsohuwar motata. Na ɗauko Umma daga asibitin ido, muna kan babban titi, tana ba ni labarin wata maƙwabciya. Tayar gaba ta dama ta fashe. Na riƙe sitiyari, ban taka birki da ƙarfi ba, na yi duk abin da nake koya wa mutane, duk da haka motar ta sauka daga titi ta bugi bakin kwalbati, ta ɓangaren Umma. Ni ko ƙwarzane. Ita ƙugunta ya karye.

A barandar asibiti, a gaban matarsa da mijina da masu jinya biyu, Yaya ya ce, "Ke da kike koya wa mutane tuƙi, tayar motarki ma ba ki iya dubawa. Saura kaɗan ki kashe mana uwa." Da aka sallame ta ya wuce da ita gidansa, bai tambayi kowa ba. Tun ranar in mun haɗu gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye. Shi ne bakaniken da ya duba mini kowace mota tun ta farko. Wannan motar bai taɓa buɗe bonet ɗinta ba. Na zaɓe ta ne ma saboda tana da wutar nan.

Litinin, 9 ga Yuni

Malama ta ga wutar. Ba abin da ke wuce idon matar nan. Ta ce, "Malama, wannan tukunyar fa da ke ci tun ɗazu?" Na yi mata bayani. Sai ta tambayi abin da nake gudu: ko za ta hana jarrabawa.

Za ta iya. Ofishin jarrabawa ba ya karɓar mota sai ta makarantar tuƙi mai birki biyu, kuma in jami'in ya ga wutar gargaɗi a dashbod yana da ikon ya ce a koma. Watan jiya a gabana aka mayar da motar wani abokin aikina, ɗalibarsa tana kuka. In aka mayar da mu, sabuwar rana sai bayan wata uku. In kuma na aro motar wani, Malama ba ta san kulocinta ba. Wata huɗu ta yi kafin ƙafarta ta saba da nawa.

Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki tun bara. Sau uku a mako ake kai shi gashin ƙashi. Motarsa tana gida a rufe da tampol, 'ya'yansu duk suna nesa. Maƙwabta ke kai su, yau wannan gobe wancan. Ta ce, "Na gaji da tsayuwa a ƙofar mutane ina murmushi, Malama. Mutanen kirki ne, amma na gaji."

Na ce mata kafin sha takwas wutar za ta mutu. Ban san da wane baki na faɗa ba.

Talata, 10 ga Yuni

Wurin mai wayarin, a bayan kasuwar kayan mota. Ya leƙa, ya kunna, ya kashe, ya ce abu mai sauƙi. Zai kwance dashbod ya cire ɗan ƙwan da ke bayan alamar, rabin awa an gama, har abada ba za ta sake damuna ba. Ya ce rabin motocin da ke bin titi haka aka yi musu.

Na ce to in wata rana tayar ta sace da gaske fa? Ya ce, "Ai kina da ido, Hajiya."

Na daɗe a tsaye. Har ya ɗauko sukundireba. Na ce bari in yi shawara.

Laraba, 11 ga Yuni

Abin kunya, amma littafina ne.

Na yanki baƙin salatif daidai girman farce na manna a kan gilashin dashbod. Ya zauna tsaf. In ba ka sani ba ba za ka gani ba. Na ce gwaji ne kawai, in ga ko jami'i zai lura.

Mai kantin magani bai lura ba. Ni ce na kasa zama. Muna kan titi mai layi biyu, yana tafiya lafiya, sai na ji kamar motar tana ja dama. Ba ta ja. Ƙafata tana kan birkina, ina ta kallon wurin baƙin nan. Na sa shi ya faka na fita na auna. Talatin da biyu.

Da Malama ta shigo, tana gyara madubi ta tsaya. Ta sa farce ta ɓare salatif ɗin, ta manna mini a bayan hannu. Ta ce, "Shekara talatin ina kama yara masu goge jan biro a katin sakamako." Ta sa bel, ta ba da sigina, muka fita.

Alhamis, 12 ga Yuni

Babban shagon taya mai gilashi, masu kwamfuta. Awa biyu a kujerar jira. Wani mai riga da tambari ya jona na'ura, ya ce akwai sansa a cikin kowace taya, ita ke aika wa motar labarin iska, kuma ɗaya ba ta magana. Na ce wacce? Ya ce na'urarsu ba ta nuna wa irin motata, su duka huɗun suke canzawa. Sai an yi oda. Mako uku.

Kwana shida ya rage.

Juma'a, 13 ga Yuni

Umma ta kira. Ba ta yi zancen mota ba. Ta ce dai Yayanki gobe yana gareji har azahar, wai ko da wani zai tambaya. Na ce wa zai tambaya? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Baban yara ne ya kai mata rahoto. Ya rantse ba shi ba ne, yana kallon silin.

Asabar, 14 ga Yuni

Na wuce ƙofar garejin sau biyu. A na uku na shiga.

Ba abin da ya canza. Ramin duba mota, bencin katako da ya sha baƙin mai, rediyon da aka ɗaure da waya a jikin ginshiƙi. Yaya yana ƙarƙashin wata farar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito ya gan ni sai ya tsaya da sifana a hannu. Gemunsa ya yi fari sosai. A gida ban taɓa tsayawa na kalle shi da kyau ba.

Na ce, "Ina kwana, Yaya." Ya ce, "Lafiya. Umma ce?" Na ce a'a, mota ce.

Na faɗa masa komai a jere, kamar mai ba likita bayani: ƙusa, faci, maɓalli, safaya, mai kwamfuta. Ban faɗi salatif ba. Ya ce in kunna. Ya tsaya yana kallon wutar tana ƙiftawa har ta tsaya. Bai ɗauko wata na'ura ba. Ya zagaya motar yana durƙusawa a gaban kowace taya, yana taɓa bawul, bakin da ake ɗura iska, da yatsa. A ta baya ta hagu ya ce, "Zo ki gani."

Sauran ukun bawul ɗinsu na ƙarfe ne, da ɗan noti a gindi. Wannan na roba ne, baƙi, sabo fil. Ya lanƙwasa shi da yatsa ya sake shi. Ya ce sansar a jikin bawul take ta ciki. Mai facin ya karya ta da ƙarfensa, ya cire, ya sa bawul na kowa da kowa. Motar tana kiran tayar, ba mai amsawa.

Kwana tara ina durƙusawa a gaban bawul ɗin nan da geji, safe da yamma. Ban gani ba. Na jira ya faɗi wani abu a kan haka. Bai faɗa ba. Ya goge hannu, ya duba lambar da ke jikin ƙofa ya rubuta a bayan kwalin filogi, ya yi waya biyu. Ɗaya kawai za a canza. Wani abokinsa zai aiko da ita ran Litinin.

Na ce jarrabawar ran Laraba ce. Ya ce, "Na sani." Ban tambaye shi ta ina ya sani ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na biya wurin Dogo. Da farko ya ce shi bai ga komai ba. Na tsaya kawai. Can ya shiga rumfa ya fito da gwangwanin madara, ya zazzage: notoci, tsofaffin bawul, da wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, a tsage. Ya ce wallahi bai san yana da amfani ba, ya ɗauka wani abin ado ne na masu sabbin motoci, kuma ya ji tsoron faɗana.

Na zo da faɗa cike da baki. Sai na ga kaina ina nuna masa yadda zai gane bawul mai sansa, da gefen da zai sa ƙarfe in ya ga irinsa. Ya saurara da gaske. Ya riƙe abin ya ce zai rataye shi a rumfa.

Litinin, 16 ga Yuni

Sansar ba ta iso ba. Yaya ya turo saƙo: "Gobe da safe." Saƙonsa na farko a wayata tun wancan lokacin. Na sama da shi cewa yake, "Kun taso daga asibitin?"

Malama ta yi fakin na ribas sau biyar, huɗu sun yi kyau.

Talata, 17 ga Yuni

Ta iso ƙarfe goma sha ɗaya. Yaya da kansa ya kwance tayar, ya sa sansar, ya ɗaure notin da ɗan ƙaramin sifana a hankali kamar mai sa wa jariri ɗan kunne. Ya aro na'ura daga maƙwabcinsa ya gabatar wa motar da sabuwar sansa. Na kunna. Ta ƙifta, ta tsaya.

Ya ce sai an yi tafiya tukuna, motar tana so ta ji ta a kan gudu. Na miƙa masa makulli. Ya ce, "Motarki ce." Ya shimfiɗa jarida a kujerar da nake zama in ina koyarwa saboda kayan aikinsa, ya zauna, ya janye ƙafarsa daga birkina na biyu.

Hanya ɗaya ce kusa da za a yi gudu minti ashirin ba tsayawa. Babban titin. Shi ma ya sani.

Muka wuce gidan mai na farko, muka wuce na biyu. Ya ce ina riƙe layi da kyau. Na ce aikina ne. Da muka doshi wurin kwalbatin, an sake gina shi, an shafa masa fenti fari da baƙi, sai ya fara magana yana kallon gaba. Ba zan iya kawo ta duka ba. Ga abin da na riƙe.

"Kwana tara kafin ranar haɗarin kin kawo mini motar juyen baƙin mai."

Na ce na tuna.

"Ina cikin rami na ga kumburi a tayar gaba, ta ciki, inda ba a gani sai an shiga ƙasa. Kamar ƙwai. Na ce za ta kai ƙarshen wata, in samo miki mai kyau in sa. Ban gaya miki ba don kada ki tayar da hankali. Sai aiki ya yi yawa."

Na duba madubin gefe.

"Ko kin duba ba za ki gani ba, Auta. Ni na gani."

Ya ce a barandar asibitin, da ya ga an wuce da Umma a kan gado, bakinsa ne ya riga shi. Ya ce washegari ya so ya faɗa, sai ya kasa, da aka kwana biyu kuma abin ya yi nauyi. Umma ya gaya wa bara. Ta ce ba ita zai gaya wa ba.

Na ci gaba da tuƙi. Na ba da sigina na wuce wata babbar mota, na dawo layina. Abin da na ji ba sauƙi ba ne, zafi ne, tun daga ciki har kunnuwa. Shekara biyu ina auna taya safe da yamma. Shekara biyu in Umma ta ɗaga sanda sai in kau da kai. Na ce, "Yaya, ka bar ni da shi shekara biyu." Ya ce, "Na bar ki da shi." Bai kare kansa ba. Da ya kare da na samu abin faɗa.

A shataletalen ƙarshe na juyo. Sai da muka kusa gareji ya nuna dashbod da haɓa. Babu wuta. Ba wanda ya ga lokacin da ta mutu a cikinmu.

Na sauke shi. Ya naɗe jaridarsa. Na ce na gode da aiki. Ya ce Allah ya ba ɗalibar sa'a.

Na tsaya a gefen titi kafin gida na yi kuka kamar minti biyar, sannan na tafi ɗaukar mai kantin magani.

Laraba, 18 ga Yuni

Mun isa tun kafin a buɗe ƙofa. Malama ta sa gilashinta na karatu da na nesa duka a wuya. Na kunna motar sau uku a wurin fakin don in tabbata. Dashbod fes.

Jami'in ya fito da fayil, ya duba takardu, ya duba lambar mota, ya shiga ya zauna yana neman bironsa a aljihu. Ko kallon dashbod ɗin bai yi ba. Ko sau ɗaya.

Minti talatin da biyar ina tsaye a gindin bishiya. Da suka dawo ta yi fakin, ta ja birkin hannu, ta kashe mota, ta zauna kamar mai jiran hukunci. Ya ce ta ci. Ya ce sai dai ta riƙa ƙara wuta kaɗan, titi ba filin taron yara ba ne. Ta ce masa, "Yaro, wanda zan ɗauka ba ya son girgiza."

Ta rungume ni a gaban mutane, gilasanta biyu suka harɗe da mayafina. Ta ce ran Juma'a ita za ta kai Malam, mijinta, asibiti da kanta, yau za ta sa a yaye tampol. Na ce kafin ta hau ta bari a duba mata tayoyin, mota ta shekara a tsaye. Ta ce wa zai duba? Na ba ta kwatancen garejin Yaya. Bakanike ne mai kyau, wannan ba a taɓa musu a kai ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Ban je ko'ina ba. Na wanke mota. Baban yara ya ce kwana biyu bai ga na fita da geji da yamma ba. Na ce mantawa na yi.

Litinin, 23 ga Yuni

Yaya ya kira da rana, ina tsakiyar cin abinci. Kira, ba saƙo ba. Ya ce ya duba motar mijin Malama, taya biyu sun tsattsage ya canza. Ya tambayi wutar, na ce ba ta dawo ba. Sai ya yi ta kewaye-kewaye, har na ce, "Yaya, faɗi."

Wai matarsa ke son koyon tuƙi, saboda kai Umma asibiti in yana aiki. Ya gwada koya mata sau biyu, sun dawo ba sa magana. Ya ce, "Ni gyara na iya. Koyarwa sai ke."

Na ce zan duba littafin darasi, ban yi alkawari ba. Har yanzu ina jin zafinsa, kuma ban ga ranar dainawa ba. Na duba. Babu gurbi, gaskiya, makon nan da na gaba duk a cike suke.

Na matsar da ƙarin darasin mai kantin magani na safiyar Asabar zuwa Laraba. Asabar ƙarfe takwas, a ƙofar gidansu zan ɗauke ta. Lokacin Yaya bai fita ba tukuna, amma wannan ba ni na tsara ba, haka gurbin ya faɗo.